Katappa Ba Shi da Laifi? Haba Jama'a!

Yau maganar fim na zo da ita, kuma na san tun kafin in gama layin farko wani dattijo ya ja tsaki ya ce wanga yaro ya rasa abin faɗi. Baba, yi haƙuri ka kai ƙarshe, in ya so sai ka ja tsakin da hujja.

Sati biyu ke nan gardama ta ƙi mutuwa a fadar samari da ke bayan shagon mai caji. Sun sake ɗora Bahubali, fassarar Hausa, kashi na ɗaya da na biyu, sunka kalle shi dare biyu a jere shayi na tafasa. Daga nan magana ta bar tabarma ta hau waya, kowa na turo murya ta WhatsApp, har da na Libiya da ba su sha shayin ba. Na zauna na saurare su ɗaya bayan ɗaya. Tambayar guda ce: Katappa, tsohon bawan nan mai sanƙo da gemu wanda ya soke Bahubali ta baya, mai laifi ne ko kuwa? Abin da ya hana ni barci shi ne mafi yawan muryoyin sun wanke shi tas. Wani ya ce bawa ne, umurni anka ba shi. Wani ya ce ai ya yi kuka. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya fi kowa zaƙewa, ya ce: "Yaya, in ana neman mai riƙon amana a duniya, a nuna Katappa."

Ni kuwa na ce Katappa mai kisan kai ne. Kuma ba don son gardama na faɗa ba.

Ga wanda bai kalla ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Fim ɗin Indiya ne da harshen Telugu, wani darakta S. S. Rajamouli ya yi shi, kashi na farko ya fito 2015, na biyu 2017. Ƙasar da anka ƙirƙira sunanta Mahishmati. Sibagami ita ke riƙe da gadon sarauta, ta shayar da yara biyu: ɗan cikinta Balla, da Bahubali, ɗan ƙanen mijinta wanda ya taso maraya. Da sunka girma ta zaɓi Bahubali ya zama sarki saboda a fagen yaƙi ya ceci talakawan da abokan gaba sunka yi garkuwa da su, Balla kuwa ya bi ta kansu da keken yaƙinsa. Balla da ubansa Bijjala sunka shiga ƙulle-ƙulle. Rikicin auren gimbiya Debasena ya raba Bahubali da sarauta, daga baya anka kore shi daga fada shi da matar. Ƙarshe sunka shirya wata ƙarya, sunka nuna ma Sibagami wai Bahubali ya turo a kashe Balla. Ta yarda. Ta kira Katappa ta ce ya kashe shi a ɓoye, don in anka yi a fili talakawa za su tashi. Kashi na farko ya ƙare daidai inda Katappa ya faɗa da bakinsa cewa shi ya yi kisan, shi ya sa Indiyawa sunka yi kusan shekara biyu suna tambayar juna dalili.

To dalilin ya fito, kuma bai wanke shi ba.

Mu fara da maganar bauta, tunda ita ce garkuwar da kowa ke ɗagawa. An ce kakanninsa sun yi rantsuwa za su bauta ma gadon Mahishmati har abada. Na ji. Amma ku tuna a kashi na farko akwai wani baƙo mai fataucin makamai, Aslam Khan, wanda ya gwada takobi da Katappa, ya ga bajintarsa, ya ce zai biya ko nawa ne a ƴanta shi. Wa ya ƙi? Katappa da kansa. An miƙo mishi mabuɗin mari ya ce a bar mishi marinsa. Mutumin da ya zaɓi ya zauna bawa ba zai dawo daga baya ya ce mana bauta ce ta ɗaure mishi hannu ba. Sannan mu Hausawa mun san mi ake kira bawan sarki, ba sai Indiya ta koya mana ba. A Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayi ne, kuma su ne ke kusa da kunnen sarki, su ke iya gaya mishi abin da hakimi ba ya iyawa. Bawan fada yana da baki, yana da hankali, yana da hanyar jan lokaci har fushin sarki ya huce. Katappa shi ke jagorantar dakarun fada, shi ya koya ma Bahubali riƙon takobi. Wanda ke nuna mana shi kamar jakin da anka ɗora ma kaya bai kalli fim ɗin da kyau ba.

Ƙanena ya ce: "To Yaya, ai ya ƙi da farko. Ya miƙa takobinsa ya ce a sare mishi kai. Sai da Sibagami ta ce in bai yi ba ita za ta yi da hannunta, sannan ya karɓa don kar uwa ta ɗauki zunubin kashe ɗanta." Gaskiya ne haka anka nuna, kuma nan ne mai fim ya ɗaure ku da igiyar tausayi. Ku kwance ta ku duba. Katappa ya san Bahubali bai yi abin da ake zarginsa ba, da bakinsa ya faɗa ma Sibagami. Ke nan bai yi kisan cikin ruɗu ba, ya yi shi yana da yaƙinin cewa wanda zai kashe mai gaskiya ne. Kuma wane irin taimako ne wanga? Uwa ta rantse cikin fushi za ta kashe ɗanta, kai kuma sai ka ce a'a Hajiya, zauna, kar ki wahala, bari in yi miki. Zunubin bai bar wuyanta ba, ita ta ba da umurni. Abin da ya yi kawai shi ne ya sauƙaƙa mata, ya ɗauke mata ganin jini, ya ɗauke mata daren da wataƙila za ta kwana tana tunani ta canza shawara. Da ya tsaya kan ƙinsa, da sai ta fuskanci yaron da ta shayar ido da ido. Wa ya san ko hannunta zai ɗagu?

Hanya ba biyu kaɗai ba ce a gabansa. Yana iya cewa a kira Bahubali a tambaye shi. Yana iya neman kwana uku ya bincika wa ya turo wanda anka kama da wuƙa. Yana iya aika yaro cikin dare ya ce ma Bahubali ka ɗauki matarka ka tsallaka iyaka. Ko ɗaya bai gwada ba.

Amma inda ya fi ci mani rai shi ne yadda anka yi kisan, kuma nan nike so masu wanke shi su tsaya su saurara. Bahubali ba ya kasuwa gaba da gaba, kowa ya sani, shi kansa ya sha faɗin cewa muddin Katappa na tare da shi ba a haifi mai kashe shi ba. Kawu yake ce mishi. To da mi anka kama shi? Da wannan kawun. Anka shirya wai an kama Katappa za a halaka shi, labari ya kai ma Bahubali daren da matarsa ke naƙuda. Ya bar ta a durƙushe ya fita da gudu. Ya kwance shi, ya ɗauke shi, ya tare mishi kibau da bayansa. Eh, na sani, Katappa ya yi ta roƙonsa ya tafi ya bar shi. Amma bai taɓa buɗe baki ya ce ɗana, tarko ne, ni ne tarkon ba. Kalma uku da sun isa. Ya haɗiye su, ya jira har yaron ya gaji da faɗa ya juya mishi baya, don ba a tsare baya daga kawu, sannan ya zura takobi. Balla da duk ƙarfinsa bai iya wanga aiki ba. Bijjala da duk makircinsa bai iya ba. Abin da sunka rasa shi ne mutumin da Bahubali ya yarda da shi, kuma Katappa ya ba su aron wannan yarda. Ƙanena na kiran wanga abu amana. Amanar wa? Ya riƙe ta kujera ya ci ta mutum.

Kuka kuwa, ai ba a rasa mai kuka wurin jana'iza. Na yarda ya ji zafi. Na yarda ya je ya shafa ma Sibagami jinin a hannu ya tona mata makircin bayan ya ji Balla na alfahari bisa gawa. Sai dai ku lissafa abin da ya biyo baya. Shekara 25 Debasena na ɗaure da sarƙa a tsakar fada, rana da ruwa, tana tsintar ƙirare. Shekara 25 Katappa na riƙe da takobi yana gadin mutumin da ya san shi ya ƙulla komi. Ya taɓa ce mata zai kwance ta, ta ƙi, ta ce ɗanta take jira. Shi ke nan ya koma bakin aikinsa. Har daren da ɗan Bahubali ya zo ya ɗauke uwarsa, Katappa na cikin waɗanda sunka bi shi da makami. Sai da ya ga fuskar, ya ga kamar uban, sannan ya zube ƙasa. Da yaron da uwarsa ya yi kama fa?

Sibagami ma ban bar ta ba, kuma mamaki nike yadda fada ta yi mata sauƙi don tana da kwarjini da manyan idanu. Mace ce da ta yi ma ɗanta alkawarin ɗiyar mutane ba ta tambayi ɗiyar ba. Da anka ƙi kyautarta sai ta mai da abin raini, ta ce a kawo gimbiya a ɗaure. Ta yanke hukuncin kisa da jin bakin mutum biyu, waɗanda su ne za su ci ribar kisan, ba ta ji ta bakin wanda ake zargi ba. Mutuwar da ta yi cikin kogi tana ɗage jariri sama kyakkyawa ce a ido, amma ita ta mai da jaririn maraya. Laifinta ya fi na Katappa girma. Girman nata bai rage nasa ba, buhu biyu ne kowa da nasa.

Yanzu ga masu cewa fim ne kawai, mi ya kawo zafi. Wani malamin lakwal da nike girmamawa ya turo murya yana dariya, ya ce mutanen da ba a taɓa haifa ba ne muke yi ma shari'a. Mushe, da girmamawa, tun muna yara ake koya mana shari'a da mutanen da ba a haifa ba. Kakarmu ba ta taɓa gama tatsuniyar Gizo ba sai ta tambaye mu wa ya cuci wa. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito 1934, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta jefa juna cikin duka da ɗauri, muna dariya, amma ko yaro ya san dariyar wayo yake ba yabon hali ba. Jiki Magayi na wancan zamanin ya fi kusa da maganarmu: an ƙwace ma Abubakar Zainab da ƙarfin dukiya da asiri, an cuce shi ƙwarai, amma ya je ya ɗauko fansarsa ya sauke ta bisa yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ban taɓa jin dattijon da ya karanta littafin ya ce Abubakar ba shi da laifi don an fara cutarsa ba. Wurin labari ake gwada ma'auni kafin a kai shi kasuwa. In mudunka ya karkace a fada, haka za ka auna ma mutane da shi ran da abin ya zo ƙofar gida.

Kuma ya zo. Ba sai na yi ma kowa dogon bayani ba kan abin da yankin Madarunfa ke ciki shekarun nan. Gabi, Safo, Sarkin Yamma, Ɗan Isa, duk wanda ke da gona ko garke kusa da dajin Baban Rafi ko bakin iyaka ta ɓangaren Jibiya da Zurmi ya san ƙarar moto cikin dare. Ana kore shanu, ana ɗaukar mutane sai an biya. Kuma kowa ya san da ɗan gari akan ci gari. Mutumin da ya taso daga tsallaken iyaka bai san gidan da anka sai da sa ran kasuwa ba. Bai san ɗakin da maigida ke kwana ba, bai san wane dare ɗiyansa maza ba su gida ba. Wani ke gaya mishi. Wani ke kai esansi da burodi da katin waya bakin daji.

A danginmu an taɓa ɗaukar wani dattijo, ba zan faɗi suna ko gari ba. Sai da anka sai da shanun noma da wani yanki na fadama sannan ya dawo, ƙafafunsa sun kumbura, har yau ba ya kwana ɗaki ɗaya dare biyu a jere. Da magana ta fito, wanda ya nuna gidan yaro ne da ke cin tuwo cikin wannan gida, wanda ke ce ma dattijon Baba. Shi ya buga ƙofa daren, da muryarsa anka buɗe. Da anka tambaye shi mi ya ce? An sa ni. Ba yadda zan yi. Kuma ya yi kuka, wallahi ya yi kuka har da majina. Ƙanena na wurin, shi ya fi kowa son a ba shi yaron a hannu. Yau shi ne ke gaya mani Katappa mai amana ne. Ƙanena, muryar da anka buɗe ma ƙofa da kawun da anka juya ma baya, ina bambancinsu? Ɗaya dai an sa mishi kiɗa mai taɓa zuciya a bayansa, ɗayan kuwa babu.

Maganar "an sa ni" ba yau ta fara yi mana ɓarna a ƙasar ga ba. Waɗanda sunka yi lakwal sun san Voulet da Chanoine, sojojin Faransa biyu da sunka ratsa ƙasar Hausa 1899 za su tafkin Cadi. Sun yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, sun ƙone Birnin Ƙonni cikin watan Mayu sunka kashe jama'a ba adadi, sunka bi garuruwa suna cinna wuta har sunka shigo ƙasar Tasawa, cikin jiharmu ta Maraɗi. Turawan da ke cikin ayarin ba su wuce goma ba. Hannuwan da sunka riƙe bindigogi da bakin wuta ɗaruruwa ne, kuma baƙaƙe ne irin namu. Na san cikin ayarin akwai ƴan dako da anka kamo da ƙarfi anka ɗaure, waɗannan ba da su nike ba. Da masu bindiga nike. In ka tambaye su za su ce umurni ne, soja ba ya musu. To ku ji ƙarshen labarin. Faransa ta turo Kanar Klobb ya tsai da su, ran 14 ga Yuli a Dankori Voulet ya ce a harbe shi, anka harbe shi. Daga nan Voulet ya shaida ma sojojin cewa shi ya bar Faransa, daula zai kafa da su. Da sunka gane cewa maganar komawa gida wurin iyalansu ta mutu, cikin kwana uku sunka juya bindiga: Chanoine ran 16, Voulet ran 17. Kaburburansu na nan Maijirgi, wanda ya bi hanyar Tasawa yana iya tsayawa ya gani. Ashe dai sun iya cewa a'a. A Ƙonni ne ba su ga dalilin faɗinta ba, don wuyan da ke ƙarƙashin wuƙa ba nasu ba ne.

Malamanmu ma ba su bar wagga mas'ala a buɗe ba, wanda ke shakka ya tambayi limamin unguwarsu. An yi sauƙi ga wanda anka tilasta ya furta kalmar da ba ta cikin zuciyarsa, kamar yadda ya faru ga Ammar ɗan Yasir lokacin da ake azabtar da shi a Makka. Amma tilas ba ta halatta ma mutum ya kashe wani don ya tsira, saboda ransa bai fi na wancan tsada ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ya tilasta da wanda ya zartar duka biyu ake kamawa da jinin. Shari'ar Turawa ma da ta juya ta juya nan ta sauka. A kotun Nuremberg bayan yaƙin duniya na biyu an rubuta tun farko cewa umurnin na sama ba ya wanke mutum, iyaka ya sa a rage mishi hukunci. Akwai kuma wani soja Erdemović da ke cikin waɗanda sunka harbe Musulmin Bosniya bayan faɗuwar Srebrenica 1995. Ya ce ya ƙi da farko, anka ce mishi in yana tausayinsu ya shiga layinsu. Shi da kansa ya tona abin, ya amsa laifi gaban kotun duniya a birnin Hague. Duk da haka an yanke mishi shekara 10, daga baya anka mai da ita 5. An duba tilas ɗin an sassauta, ba a ce tashi ka tafi ba ka yi komi ba. Katappa kuwa ko barazanar mutuwa ba a yi mishi ba. Shi ya miƙa wuya, ba a karɓa ba.

Kar wani ya ɗauki maganata ya gudu da ita inda ban aike ta ba. Akwai tsohuwar da anka shigo ma gida da bindiga anka ce ta dafa, ta dafa. Akwai manomin da anka tare a gona anka karɓe mishi moto da waya. Akwai ƙauyukan tsallaken iyaka da ke haɗa kuɗi su biya kafin a bar su su yi noma ko girbi. Waɗannan abin tausayi ne, dukiyarsu da guminsu sunka bayar, ba su miƙa wuyan maƙwabci ba. Wanda ya haɗa su da mai nuna gida ya yi zalunci. Inda na ja layi shi ne inda mutum ya sayi lafiyarsa, ko aljihunsa, ko sunansa na mai biyayya, da ran wani.

Kuma layin nan yana yanka ta ɓangare biyu, nan ne na san wasu da sunka yi ta gyaɗa kai tun ɗazu za su ɓata rai. Ran da wani babba a gari, mai kuɗi ko mai faɗa a ji, ya kira samari ya ce wane infoma ne, ku je ku gama da shi, ba shaida, ba a kai shi wurin jandarma ba, ba a ji ta bakinsa ba, to wannan babban Sibagami ne, wanda ya raɗa mishi a kunne wataƙila Bijjala ne mai hangen gonar mutumin ko tsohuwar gaba, ku kuma da kunka ɗauki sanduna da adduna ku ne Katappa. Sau nawa anka nuna mutum da yatsa don kawai Bafillace ne, ko don baƙo ne, ko don an gan shi da sabon moto? In daga baya ta bayyana ƙarya ce, za ku zo ku ce mana manya sunka sa ku. Yaron nan da ya buga ƙofar danginmu, dattijon da anka ɗauka shi da kansa ya hana a taɓa shi. Ya ce a kai shi ga hukuma, shi ba ya son a ƙara mishi jini bisa kumburin ƙafa. An kai shi. Ƙanena bai yi ma dattijon magana ba har sati guda.

Ban ce ku daina son Katappa ba. Ni ma ina son tsohon, Sathyaraj ya iya wasa, wurin da yake zolayar Bahubali a ƙasar su Debasena har yau yana ba ni dariya. Ana son mutum a kuma faɗi abin da ya yi. Uwa na son ɗanta ɓarawo, ba ta ce ma satar sana'a. Abin da na ƙi shi ne samarin da gobe su ne ƴan sintiri, su ne sojoji, su ne masu gadin gari, su zauna su amince a tsakaninsu cewa in na sama ya ce ka yi, kuma ka yi kuka bayan ka yi, to ka fita. Wanda ya haddace wanga karatu a fada ba sai an sake koya mishi a bakin daji ba.

Na gaya ma mai caji ya ajiye mani kashi na biyu, na biya dala ashirin ɗina. Juma'a bayan isha'i ina zuwa fadar, sukari da ganyen shayi bisa wuyana. Za mu sa daga inda anka kira Katappa cikin dare har inda takobi ya shiga, ba mai tsallakewa, kuma duk inda yake da damar buɗe baki bai buɗe ba zan ce a tsai da fim mu ƙirga. Ƙanena ya ce zai zo da nasa lissafin. Mushe, kai ma an gayyace ka, kujerar roba guda da ke akwai taka ce.